Yadda za ka kalli baje kolin zanen kwamfuta daga Zariya

Ka fara da gida. Hau bas ɗin Samaru zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, ka tambayi ɗaliban sashen zane-zane ranar da 'yan ajin ƙarshe za su baje aikinsu. Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan harka: a nan Uche Okeke da su Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958.

In ka shiga, kada ka yi gaggawa. Aikin da ke motsi a allo, tsaya ka gan shi daga farko har ya dawo farko. Ja baya taku uku, sannan ka matso daf ka duba gefen layuka da haɗuwar launi; a nan ake gane mai haƙuri. Tambayi mai aikin manhajar da ya yi amfani da ita. Wallahi hirar nan ta fi komai amfani a wurina.

Na ƙasashen waje kuwa, sauke manhajar Google Arts & Culture, kyauta ce. Bari sai dare, ka kashe fitila, ka ƙara hasken waya, ka buɗa hoto da yatsu biyu.

Mai halin tafiya ya yi tanadin Art X Lagos, baje kolin zane-zane da ake yi a Legas tun 2016, galibi a watan Nuwamba.