Ka nemi HS code kafin ka biya kuɗin kaya

Jama'a masu sarin kaya daga China, kafin ka tura ko sisi ka ce wa mai kayan ya ba ka HS code.

Lambar da kwastan ke gane kaya da ita kenan. Guda 6 na farko iri ɗaya ne a Guangzhou da Apapa da Kwatano, sauran kuwa China da nata, ƙasashen ECOWAS da nasu.

Ka ɗauki 6 ɗin nan ka duba jadawalin harajin ECOWAS, za ka ga kayanka 0 ne ko 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari. Kuma a kan kuɗin kaya haɗe da na jirgi da inshora ake lissafi, ba kuɗin kaya kaɗai ba, nan mutane da yawa ke faɗawa wlh.

Ni sai da kayana suka sauka na ji kuɗin harajin, ga kuɗin ajiya yana hawa kullum, ribar duk ta tafi.

Amma kar ka dogara da lambar mai kayan ido rufe. Wani yana zaɓen wadda ta fi masa sauƙi can wajensu, kwastan kuma suna iya canza ta in sun buɗe kwantena. Harajin VAT na 7.5 cikin ɗari a Najeriya ma daban yake.

Ka tura wa ejan ɗinka mai fito maka da kaya daga kwastan hoton kayan ya tabbatar da lambar tukuna.