Yadda za ka sayi tsohon agogon hannu marar batir a Maraɗi, ka kuma kula da shi

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Maraɗi neman tsohon agogon hannu, irin wanda ba ya aiki da batir, fuskar agogon ce za ta fara ɗaukar hankalinsa, alhali darajarsa tana cikin injinsa ne. Saboda haka kafin a fara ciniki, ka roƙi mai kaya cikin ladabi ya buɗe maka murfin baya. Idan ka ga tsatsa ko alamar ruwa ya taɓa shiga, ka haƙura komai arharsa, domin tsatsar da ta kama siririn sifirin da ke daidaita bugun agogo ba ta da magani sai canji.

Ni dai ina ba mai farawa shawarar ya nemi Seiko 5, wanda kamfanin Japan ya fara fitarwa a 1963, saboda yana da ƙarko kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. A bayan murfinsa akwai lambar inji, kamar 7009 ko 7S26, kuma wajibi ne ta yi daidai da wadda aka zana a jikin injin kansa. Idan suka saɓa, to haɗe-haɗe aka yi. Haka nan tsohon agogon da fuskarsa ke ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi abin tuhuma ne, domin sau da yawa fenti aka sake masa.

Daga nan ka yi masa wani, wato ka murɗa ɗan maɓallin gefensa don ya cika, ko ka girgiza shi a hankali idan mai cika kansa ne da motsin hannu, ka saita shi da agogon wayarka, ka nemi a ba ka kwana ɗaya. Lafiyayyen Seiko 5 da ya cika yakan yi kusan awa 40 bai tsaya ba. Kuskuren daƙiƙa 20 ko 30 a yini ba aibu ba ne ga tsohon inji, amma wanda ke tsere da mintoci, mai yiwuwa maganaɗisu ne ya kama shi, abin da kan faru idan ana ajiye shi kusa da lasifika.

Gyara shi ne inda mutane suka fi yin sakaci, kuma abin yana damuna ƙwarai. Gyaran gaskiya shi ne a kwance injin gaba ɗaya, a wanke kowane ƙarfe, a ɗiga man agogo na musamman a wuraren da suka dace, sannan a canza robar murfi. Wanda zai tsoma injin cikin kananzir ko ya zuba masa man keken ɗinki, kada ka ba shi agogonka. A garinmu, inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina kuma zafin bazara ke busar da mai, bai kamata a wuce shekara 4 ko 5 ba tare da wannan gyara ba.

Kada ka canza kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin da haƙoran da ke juya shi suke sarƙe. Kuma ka cire agogon kafin alwala, domin robar da ta tsufa ba ta hana ruwa shiga.