Haddace hedikwatocin ƙungiyoyin duniya: ku fara da gari

Ƙannena masu shirin JAMB da jarabawar ɗaukar aikin kwastan ko shige-da-fice, abin da nake faɗa wa ɗalibaina a darasin yamma a Birnin Kebbi shi zan faɗa muku. Kada ku jera sunayen ƙungiyoyi kuna ta maimaitawa, kai zai ɗau zafi a banza. Ku rubuta sunan gari a saman shafi, ku tara ƙungiyoyin da ke zaune cikinsa a ƙasa.

Geneva ce ta fi kowa lodi. Can ne WHO mai kula da lafiya take, da ILO ta ƙwadago wadda aka kafa tun 1919, da UNHCR ta 'yan gudun hijira, da WTO ta cinikayya wadda 'yar Najeriya Ngozi Okonjo-Iweala ta fara shugabanta a 2021. Birnin Rum na Italiya kuwa rumbu ne, duk abin da ya shafi ciki yana can: FAO ta abinci da noma, WFP ta agajin abinci, da IFAD ta tallafa wa noma. Kuɗi suna Washington, wato IMF da Bankin Duniya, 'ya'yan taron Bretton Woods na 1944. New York na da Majalisar Ɗinkin Duniya kanta, ta 1945, mai ƙasashe 193, da kuma UNICEF mai kula da yara.

Bayan haka sai ku ɗaure kowace da abin da idonku ya sani. Wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar bikin kamun kifi, ya ga masunta sun faɗa ruwa da gora da homa, ai ba zai manta UNESCO ba, don ita ta sa bikin Argungu cikin al'adun gado na duniya a 2016. Mazauninta Paris. Mutumin Yauri da ke bakin kogin Neja ya tuna Hukumar Kogin Neja tana Yamai.

Inda aka fi kayar da ɗalibai shi ne bambancin wurin haihuwa da wurin zama, kuma nan nake so ku daɗe. A Bagadaza aka kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, a 1960, amma tana Vienna, Najeriya ta shiga a 1971. A Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar ECOWAS ta ƙasashen Afirka ta Yamma ranar 28 ga Mayu, 1975, hedikwatarta kuwa Abuja. A Durban aka ƙaddamar da Tarayyar Afirka a 2002, tana zaune Addis Ababa, inda uwarta OAU ta tsiro a 1963. OIC ta ƙasashen Musulmi ma a Rabat aka haife ta a 1969, tana Jidda. Mai tsara tambaya zai sa muku duka garuruwan biyu cikin zaɓi.

Manyan kotunan duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holland biyu ne, kar ku haɗa su. ICJ tana raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa, ita ta ba Kamaru Bakassi a 2002. ICC mutum take gurfanarwa kan laifin yaƙi ko kisan ƙare-dangi.

Abin da ke damuna shi ne tsofaffin littattafan da ake sayarwa a kasuwa. Suna nan suna cewa ECOWAS ƙasa 15 ce, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, saura 12. Mu da garinmu Kamba ke bakin iyakar Nijar bai kamata wannan ta wuce mu ba. Adadin mambobi da sunayen shugabanni ku rubuta da fensir, ku sake duba su a labarai ana saura mako guda jarabawa.