Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Ƙauye Lokacin Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu tafkuna sun ƙafe, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye, ƙishirwa kuma ta hana tsuntsu sakat. Don haka mai son hotonsu ba ya bukatar yawo a daji. Ruwa zai ajiye, su kawo kansu.

Da farko ka samo kasko mai faɗi marar zurfi, ka ajiye a inuwar dalbejiya ko tsamiya a bayan gida, inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, ka sa dutse a tsakiya don ƙananan tsuntsaye su samu wurin tsayawa. Sannan ka kafa busasshen reshe a gefe. Kada ka raina wannan reshen, domin tsuntsu ba ya faɗa wa ruwa kai tsaye, sai ya sauka a kai ya waiwaya hagu da dama tukuna, kuma a wannan ɗan tsayawar ake samun hoto mafi kyau. Ka watsa ɗan gero, ka riƙa canza ruwan kullum, ka bar su su saba na 'yan kwanaki. Kurciya da hasbiya sukan riga zuwa, kabare ya biyo baya, wata rana ma cilakowa ta leƙo.

Sai maɓoya. Zana ko asabari ya isa, kamar taku shida daga kaskon, da 'yar kafa da kyamara za ta leƙa. Rana ta kasance a bayanka. Farar riga ka bar ta a ɗaki.

Ka shiga maɓoyar bayan sallar asuba ka zauna har hantsi, ko ka jira la'asar. Hasken tsakar rana yana ƙona launi.

In kyamara gare ka, gilashin jawo nesa, wato lens, mai milimita 300 ko fiye shi ya dace. Ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, in tsuntsu na tashi ka kai 1/2000, ka kuma saita kan idonsa. In ido bai fito tar ba, hoton ya lalace ko da fuka-fukai sun yi kyau. Mai waya kada ya cika jawo hoto da yatsa, dishi-dishi zai samu. Gara ya matso da maɓoyar, ya kashe ƙarar wayar, ya yi amfani da ɗauka a jere.

Wajen Afrilu zuwa Mayu shamuwa ke dawowa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a manyan itatuwan cikin gari. Daga ƙasa za ka ɗauke ta lokacin da take sauka da tsinke a baki. Kada ka hau bishiya, kada ka kusanci kowace sheƙa, domin uwa in ta firgita ta tashi, zafin bazara kan kashe ƙwai da 'yan tsaki cikin ɗan lokaci. Ka kuma ja kunnen yaran gida masu danƙo tun kafin su gane inda kaskon yake.