Idan ka biya kaya, kada ka bar su hannun mai shago babu takarda

'Yan uwa masu sari a Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci a Kaduna, don Allah a kiyaye. Mutum ya biya buhunan shinkafa ya bar su ajiya, farashi na tashi mai shago ya sayar wa wani, ya ce zo karɓi kuɗinka. Kuɗin kuwa ba za su sayi kayan ba yanzu, wannan zalunci ne.

Ka karɓi rasit mai kwanan wata, adadin buhu da ranar ɗauka, ka rubuta sunanka a jikin buhunan, ka biya ta banki a gaban shaida.

In ta faru, fara da shugabannin kasuwa, sannan kotun majistare ko ta shari'a. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai.