Darasi na Tara: Idan Allo na Biyu Ya Ƙi Kawo Hoto a Siririyar Kwamfutar Tebur

Siririyar kwamfutar tebur ita ce mai ƙaramin akwati, irin Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre masu alamar SFF. Yawancinsu suna iya ɗaukar allo biyu ba tare da an ƙara musu komai ba. Idan allo na biyu ya tsaya baƙi, da wuya a ce kwamfutar ce ta lalace. Galibi laifin na waya ne, ko na adafta, ko na saiti. Saboda haka kada ka yi gaggawar kwance akwati. Ka riƙa canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka canja na gaba. Wanda ya canja uku a tare, ko ya dace ba zai san abin da ya gyara ba.

Fara sanin ramukan baya

Juya akwatin ka duba bayansa. Ramin VGA yawanci shuɗi ne, da huda 15 a layi uku. Na DVI fari ne, ya fi shi faɗi. HDMI ƙarami ne, kusurwoyinsa biyu na ƙasa a yanke. DisplayPort yana kama da HDMI, sai dai kusurwa ɗaya ce kawai a yanke, kuma kan wayarsa sau da yawa yana da ƙugiya, sai ka danna kafin ka zare. Kada ka fizge shi da ƙarfi. Akwai wani rami mai tsinke 9 a layi biyu da ke ruɗin mutane saboda kamarsa da VGA. Wannan ba na hoto ba ne, ka rabu da shi.

Kowane allo yana buƙatar raminsa da wayarsa. Na'urar nan da ake sayarwa mai raba HDMI ɗaya gida biyu hoto ɗaya take kwafewa a allunan biyu, ba za ta ba ka filin aiki biyu ba.

Gwajin musanya

Da farko ka tabbata allon na biyu yana samun wuta, ƙaramar fitilarsa a kunne. Danna maɓallin Input ko Source da ke jikinsa, ka zaɓi sunan ramin da ka soka wayar. Allon da ke jiran VGA alhali waya tana HDMI zai rubuta No Signal ya yi shiru.

In bai kawo ba, cire wayar allon da ke aiki ka soka wa wanda ya ƙi. Ya kawo hoto? To allon lafiyarsa lau, matsalar tana ga wayarsa ko ramin kwamfuta na biyu. Sai ka ɗauki wannan wayar mai kyau ka mayar da ita rami na biyu. A nan za ka gane mai laifi.

Saitin Windows

A Windows 10 ko 11, riƙe maɓallin mai tambarin Windows ka danna P. Zaɓi huɗu za su fito. Duplicate yana maimaita hoto ɗaya, Extend kuwa shi ne ke shimfiɗa filin aiki zuwa allo na biyu, kuma shi ake nema. Idan har yanzu shiru, shiga Settings, sai System, sai Display, ka danna Detect. Maɓallin Identify zai nuna 1 da 2 a fuskar allunan. Ja hotunansu da linzami su zauna yadda suke a tebur, in ba haka ba kibiyar linzami za ta riƙa makalewa a gefen da bai kamata ba.

Buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter, direban hoto na ainihi, wato manhajar da ke sarrafa sashen hoto na kwamfutar, bai hau ba, kuma wannan na wucin gadi ba ya shimfiɗa aiki zuwa allo biyu. Hakan yana yawan faruwa bayan an sake ɗora Windows. Sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ta amfani da lambar samfurin da ke jikin akwati.

Adafta, inda aka fi yin asarar kuɗi

Da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci DisplayPort biyu suke da shi, allunan kuma HDMI ko VGA. Dole a nemi adafta, kuma a nan ake tafka kuskure. Adafta hanya ɗaya take bi. Wayar DisplayPort zuwa HDMI tana aiki ne idan kan DisplayPort yana jikin kwamfuta, kan HDMI yana jikin allo. In ka juya ta, babu hoto, ko da kawunan sun shiga daidai. Daga HDMI na kwamfuta zuwa DisplayPort na allo sai na'ura ta musamman, wadda yawanci take jan wuta ta USB.

Adafta mai arha marar guntun lantarki a ciki tana buƙatar ramin da ke da alamar DP++. VGA kuma siginarsa daban ce da ta sauran, don haka daga DisplayPort ko HDMI zuwa VGA sai adafta mai guntun lantarki da ke juya siginar. Haka ramin DVI-D ba ya fitar da siginar VGA. DVI-I ne ke yi, kuma za ka gane shi da ƙananan huda huɗu kewaye da tsagar da ke gefe.

Idan an saka katin hoto

Da zarar an ƙara katin hoto, wato ƙarin na'urar fitar da hoto da ake sokawa a cikin akwati, kwamfutoci da yawa suna kashe ramukan asali na sama. Ka soka wayoyin biyu a jikin katin. Idan katin rami ɗaya ya rage masa, shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ke buɗewa kafin Windows, ta danna maɓalli lokacin kunnawa, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a Lenovo, ka nemi saitin da ake kira Multi-Display ko makamancinsa ka kunna. Ba kowace kwamfuta ke da shi ba.

Mai son sayen kati ya lura da abu biyu. Siririn akwati ba ya ɗaukar sai katin da aka rubuta wa low profile, mai gajeren ƙarfen ɗauri. Sannan akwatin wutar irin waɗannan kwamfutoci ƙarami ne, sau da yawa tsakanin wat 180 zuwa 260, kuma ba shi da wayar ƙarin wuta ta kati. Ramin PCIe x16, inda ake soka katin, iyakarsa wat 75, wasu siraran ma ba sa kaiwa nan, shi ya sa ake zaɓar kati irin GT 1030 mai cin wat 30. Kati mai cin wuta da yawa zai sa kwamfuta ta riƙa mutuwa tana tsakiyar aiki. Kafin ka buɗe murfi, zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma, ka taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa kati.

Hoto ya zo amma ba daidai ba

Rubutu ya yi dishi-dishi: je Display ka zaɓi girman da aka rubuta wa Recommended, misali 1920 x 1080. Launi ya rine zuwa ja ko shuɗi a VGA: duba tsinken da ya lanƙwashe, ka ɗaure kusoshin gefe biyu. Allon 4K yana jan ƙafa: HDMI 1.4 ba ya wuce 30 Hz, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa, a wannan girman, koma DisplayPort. Sauti ya ɓace bayan soka HDMI: Windows ta mayar da shi allon ne, sai ka danna alamar lasifika ka sake zaɓar lasifikarka.

Aikin aji

Malami ya juya wayar DisplayPort zuwa HDMI, ko ya sauya Input na allo ɗaya a ɓoye. Ɗalibai biyu-biyu su gano matsalar, ɗaya yana gwadawa, ɗaya yana rubuta abin da aka canja da abin da ya biyo baya.