Kurakuran da ɗalibai suka fi yi wajen gane manufar marubuci

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, sai in tarar da kurakuran bara sun dawo cikin takardun gwaji, sunayen masu su ne kawai suka sauya. Na gaji da jan layi da jan biro.

Babbansu shi ne ɗaukar mai ba da labari a matsayin marubuci. Da yaro ya ga "na tashi, na kama hanya", shi ke nan, a wurinsa marubucin ne ke magana. A Ruwan Bagaja abin ya fi muni, saboda tauraron sunansa Alhaji Imam, marubucin kuma Abubakar Imam. Sai ka ga an rubuta maka, ko kunya babu, wai Abubakar Imam ya yi yawon duniya suna cutar juna shi da Malam Zurƙe. Haba jama'a! Bawan Allah nan yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta littafin, domin gasar rubuta littattafan Hausa da Rupert East, Baturen da ke shugabantar Hukumar Fassara, ya shirya a 1933. Alhaji Imam ƙirƙirarsa aka yi, aka sa masa magana a baki. Wannan kuskuren ya taɓa kayar mini da aji, har da yaran da nake taƙama da su, na yi makonni ban son haɗa ido da iyayensu. Tun daga nan ba wanda ke fara amsa a ajina sai ya rubuta a gefen takarda: wa ke magana, da wa yake, me yake nema a wurinsa.

Na biyu, wato kasa gane gatse, ya fi ba ni haushi, don a gida ku ɗalibai ba ku yinsa. Idan Inna ta ce "ci gaba, fasa sauran kwanukan ma", akwai wanda ke ci gaba? To me ya sa gatse ke ɓace muku da zarar an buga shi a takarda? Na taɓa ba da wani sharhi inda mai rubutu ya ce Allah ya saka wa masu wutar lantarki, sun koya wa unguwa kwanciya da wuri. Na tambayi ɗalibai mene ne ra'ayinsa. Wata yarinya, mai ƙoƙari kuwa, ta rubuta da kyakkyawan hannu: "Yana yaba musu." Alhali a sakin layin da ke biye mutumin yana kukan naman da ya ruɓe a firij da injin niƙan da ya tsaya. Ni dai dabarata, in yabo ya yi yawa kuma hujjojin da ke ƙarƙashinsa duk na ɓarna ne, sai in karanta jimlar da ƙarfi. Kunne na kama abin da ido ya wuce.

Sai zubi da tsari. Masu tsallake farkon Magana Jari Ce su faɗa kan labaran, ku ne ke kasa faɗin dalilin da ya sa aku ba ya rufe baki. Yana jan labari ne don ya riƙe Musa ɗan Sarki a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wanda bai san haka ba, tarin tatsuniyoyi kawai ya karanta.

Sauran ƙanana ne. An tambaye ka jigo, kada ka kwashe labarin duka ka zuba mini; jimla ɗaya ta isa. Kalmomi irin su "amma" da "sai dai" ka ja musu layi, sau da yawa ra'ayin marubuci na bayansu ne, abin da ya gabace su na abokan hamayyarsa ne. Kanun rubutu ba shi ne manufa ba. "Faɗakarwa da nishaɗantarwa" kuma ba amsar kowace tambaya ba ce: faɗakarwa a kan me, kuma wa ake faɗakarwa? Wanda ya sake kawo mini ita tsirara haka, rabin maki ma ba zai gani ba.